Surukina, Babban Sakataren da Ya Koma Badarawa

Ranar da Allah ya karɓi ran Baba, mahaifin maigidana, layinmu na Badarawa ya kasa ɗaukar jama'a. Da hantsi ya cika, a ɗakinsa, ƙanensa na riƙe da hannunsa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Kafin azahar motoci sun toshe hanya tun daga bakin titi, har sai da samarin unguwa suka riƙa roƙon direbobi su ja da baya don makara ta samu wurin wucewa. Mu mata muna cikin gida a kan tabarmi, ana shigowa ana fita, ana yi mana ya haƙuri, muna amsawa har murya ta dushe.

Abin da na lura da shi a kwanakin zaman makoki shi ne, masu ta'aziyyar nan kamar mutum biyu suka zo yi wa addu'a. Akwai tsofaffin ma'aikatan gwamnati da matansu, masu ƙamshin turare, waɗanda wasunsu rabonmu da ganinsu har na manta. Su wanda suka sani babban sakatare ne na wata ma'aikata, mutumin da in ya sako ƙafa a harabar ofis kowa sai ya shiga taitayinsa. Matar ɗaya daga cikinsu ta dafa kafaɗar surukata ta ce, "Hajiya, an yi rashin zaki. Maigidana ya ce har yau in ya tuna gyaran muryar Alhaji a bakin ƙofa sai gabansa ya faɗi."

A kusa da ni akwai maƙwabciyarmu mai ƙosai, idanunta sun yi jawur don kuka. Ta saurara, ta saurara, sannan ta matso ta raɗa mini, "Malama, wai wa suke nufi? Baba namu? Baban da ke tsare mini kasko in zan shiga gida in yi alwala?" Na ce shi fa. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Duk zaman da muka yi da bawan Allahn nan, ban taɓa jin ya ce shi wani ne ba."

Hajiya, surukata, ashe tana jinmu. Ta share hawaye da gefen mayafi, ta yi ɗan murmushi ta ce, "Dukansu biyun na aura. Na biyun ya fi daɗin zama."

Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami. 'Ya'yana na biyun kawai suka sani, kakan da ke ɓoye musu alewa a aljihun riga. Ni kuwa Allah ya sa na ga na farkon, na ga na biyun, na kuma ga yadda ɗaya ya zama ɗaya. Ba na son abin ya bi mu kabari.

A farkon shekarun tamanin aka kawo ni gidan. Maigidana shi ne ɗan fari, a lokacin ƙaramin ma'aikaci ne bai samu gida ba, sai muka zauna a ɗakunan baya na gidan da gwamnati ta ba Baba a unguwar manyan ma'aikata. Ni kuma ina koyarwa a firamare, shi ya sa tun daga ranar farko har ranar ƙarshe Malama yake ce mini. Gida ne mai faɗi, da furanni da mai ba su ruwa, da mota da direba, da wayar tarho da ba ta hutawa. In sallah ta ƙarato, ragunan da ake kawo masa kyauta har rasa wurin ɗaure su ake yi. Wanda duk Baba ya san yana da wata buƙata a gabansa, da ragonsa ake mayar da shi. Sauran kuma a raba wa dangi. Ko maƙiyinsa ya shaida ba ya cin haram.

Amma tunda gaskiya na zauna faɗa, Baba na lokacin yana son girma. Yana son a durƙusa a gaishe shi, a kuma daɗe a durƙushe. In ya dawo daga aiki, gyaran muryarsa kawai za a ji gida ya yi tsit, har Hajiya sai ta rage rediyo. Ni tsakanina da shi gaisuwa ce daga nesa, ya amsa idonsa na kan jarida.

Yana da ƙane ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Baffa, Baba kuma yake ce masa Ƙarami. Baffa bai yi boko ba, yadi yake sayarwa a Babbar Kasuwa. Wata rana saƙo ya iso wa Baffa cewa gwaggonsu da ta raine su a ƙauye tana kwance rai a hannun Allah. Ya rufe rumfa ya tafi ofishin yayansa. Masinja ya shiga ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanenka ne a waje." Baba ya ce, "Ya jira kamar kowa. Maganar gida a gida ake yinta." Baffa ya zauna a bencin bakin ƙofa har aka tashi aiki. Da suka isa ƙauye washegari, an riga an kai ta makwancinta. Baffa bai yi faɗa ba, bai kai ƙara wurin kowa ba. Ɗauke ƙafa kawai ya yi daga gidan, sai sallah sallah.

Ana nan sojoji suka karɓi mulki, aka shiga tankaɗe da rairaya a ma'aikatu. Ranar da abin ya iso kanmu, Baba ya dawo cin abincin rana, rediyo na kunne a falo, ni kuma na shigo da ruwan sha. Mai karanta labarai ya ce gwamnati ta yi wa wasu manyan ma'aikata ritaya nan take, ya fara jero sunaye. Na ji sunan Baba da kunnena. Lomar tuwo na hannunsa. Ya dube ta, ya mayar da ita cikin kwano a hankali, ya wanke hannu, ya shige ɗaki. Ba wanda ya kira shi ya gaya masa, ba kuma wanda ya faɗi laifinsa. Daga baya ne muka ji cewa mataimakinsa, mutumin da Baba ya jawo a jiki tun yana ƙaramin ma'aikaci, shi ya riƙa kai wa sababbin masu mulki maganar cewa Baba yana yi musu zagon ƙasa. Shi aka ba kujerar, shi kuma aka ba gidan.

Washegari direba ya zo, ya durƙusa yana hawaye, ya ce an aiko shi ya karɓi makullin mota. Wayar nan da ke hana mu sakat ta yi shiru, shirun da har sai da na ga Hajiya ta ɗaga ta ta kara a kunne, don ta ji ko lalacewa ta yi. Lafiyarta ƙalau. Masu kira ne suka samu wata lambar.

Da wa'adin tashi ya cika, cikin duk masu cika mana falo ba wanda ya leƙo. Sai ga babbar mota ta tsaya a ƙofa da 'yan dako daga kasuwa, Baffa na gaba kusa da direba. Ya sauko ya durƙusa ya gaida yayansa kamar jiya suka rabu, ya ce, "Yaya, ina za a fara?" Baba ya kasa haɗa ido da shi. Ya nuna falo da hannu kawai.

Gidan Badarawa da muka koma wanda Baba yake ginawa ne a hankali don ranar tsufa, ba a kuma gama shi ba. Babu silin, wasu tagogin da kwano aka toshe su. Damina ce, in ruwa ya sauko a kan rufin sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji. Watannin farkon nan ba na fatan Allah ya maimaita mana irinsu. Kullum da safe Baba zai yi wanka ya saka babbar riga da hula kamar mai shirin fita aiki, ya zauna a zaure da rediyo a gefe. Gani yake za a gane kuskure aka yi, a aiko a kira shi. In mota ta shigo layin sai ya gyara zama. In ta wuce sai ya hau faɗa da duk wanda ya gani, ko miya ta yi gishiri, ko yara sun cika surutu. Maƙwabta in sun gaishe shi da ƙyar yake amsawa. Ya rame, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Rago ne ya kawo ƙarshen wannan zama. Babbar sallah ta matso, ba ko akuya a ƙofar gida. Baffa ya zo ya ce, "Yaya, tashi mu je ka zaɓi abin layyarka da kanka." Rabon Baba da sayen rago da hannunsa tun yana saurayi. Suka je suka sayo wani ƙato mai ƙaho, aka sauke su a bakin titi saboda layinmu ya caɓe, mota ba ta shiga. Baffa ya miƙa hannu zai karɓi igiya, Baba ya ce a'a, shi zai ja abinsa. Ina tsaye a bakin zaure na hango su. Ragon ya turje. Baba ya daka masa tsawa, irin wadda ke sa manyan mutane rawar jiki. Ragon ya dube shi, ya zabura da gudu, ya fizge shi, sai ga Baba zaune daɓas a tsakiyar taɓo da farar shaddarsa, hula ta yi nata wuri.

Yaran layi suka fashe da dariya, sannan suka tsorata suka yi shiru. Baffa ya ruga yana salati. Ni kuwa na ce yau mun shiga uku. Sai na ga kafaɗun Baba suna girgiza. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, dariyar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba, har da hawaye. Ya ce, "Ƙarami, ka ga ikon Allah? Shekara da shekaru ina ba maza umarni suna bi, yau rago ya ce bai san da zamana ba!" Ya miƙa wa yaran hannu suka ɗaga shi, sannan suka bazama kamun rago.

Da ya iso zaure ya dube ni, wannan karon ido da ido, ya ce, "Malama, taimaka mini da ruwa a buta. Kuma kada ki ɓoye dariyarki, ta halatta."

Da yamma, bayan la'asar, na ji shi yana magana da maigidana a tsakar gida. Ya ce, "Na daɗe ina jiran a dawo mini da abin da ba nawa ba. Ashe riga aka ara mini, na sa ta har na manta da mai ita. Waɗanda suka tuɓe mini ita su ma aro aka ba su, ba su dai sani ba tukuna. Sarki ɗaya ne ba a yi wa ritaya, ba a yi masa juyin mulki. Ni kuwa na yi shekara nawa ina tsoron waɗanda ake yi wa, na bar Shi sai in na samu sarari." Daga ranar bai ƙara saka babbar riga don zaman zaure ba.

Sannu a hankali wani mutum dabam ya fito. Ya sa aka kafa masa benci a gindin darbejiyar ƙofar gida, duk mai wucewa shi ke fara yi masa sallama. Ya san sunan kowane yaro a layin da na uwarsa. Masallacin unguwa kuwa wani lokacin yakan riga ladan zuwa. Yakan ce, "A da sahun gaba ajiye mini ake yi ko na makara. Yanzu sai na yi sammako nake samu, shi ya sa ya fi daɗi." Wasu ranakun yakan tafi Babbar Kasuwa ya zauna a rumfar Baffa, wai yana taya shi ciniki. In mace ta zo sayen yadi ya ga da goyo a bayanta, sai ya ƙara mata taƙi ɗaya ko biyu kafin ya sa almakashi. Baffa ya yi ta mita, "Yaya, wallahi karya ni za ka yi. Nan fa ba gwamnati ba ce." Shi kuma ya ce, "Ai shi ya sa nake yi da zuciya ɗaya."

A shekarun nan an sha tashi da kiɗan soja a rediyo. Wani yunƙurin juyin mulkin ya yi nasara, wani ya ci tura. Duk ranar da aka ji shi, gari kan ɗauki zafi, mata su kira yara cikin gida, maza su taru a gindin darbejiya suna tambayar Baba yadda yake gani, tunda ya san gwamnati. Amsarsa ba ta canzawa. Zai saurari jawabin har ƙarshe, ya kashe rediyo ya ce, "To, an sake canza masu gadi. Mai gidan yana nan. Ku tashi mu yi sallah." Sai ka ga hankalin mutane ya kwanta, har wasu na dariya. In an zagi wanda aka tumɓuke a gabansa kuwa, ba ya sa baki. Yakan ce wanda ya faɗi addu'a yake buƙata, wanda ya hau ya fi shi buƙata.

Akwai wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu, wasu suka so su ƙwace filin da ya bar wa marayunsa. Maganar ta maƙale a ma'aikatar da Baba ya taɓa shugabanta. Ya ce ta shirya ya raka ta. Tun da ya bar wurin bai sake takawa ba sai ranar. Masinjan da suka tarar sabo ne, bai san shi ba, ya ce, "Baba, a zauna a jira." Suka zauna a bencin bakin ƙofa tun safe har rana ta karkata. Wani tsohon ma'aikaci ne da ya zo wucewa ya gane shi, ya rikice, ya shigar da su, aka kuma warware wa matar matsalarta. Da Baba ya dawo gida ko abinci bai nema ba. Ya ce wa Hajiya, "Ashe bencin nan haka yake da tauri. Ni na sa aka sayo shi, ban taɓa zama a kai ba sai yau." Ya sake saka takalmi ya nufi kasuwa. Baffa ne ya ba mu labarin sauran. Ya ce yana cikin auna yadi sai ga yayansa ya durƙusa a gabansa, a gaban maƙwabtan rumfa, ya ce, "Ƙarami, na hana ka ganin gwaggo, na hana kaina. Ka yafe mini." Baffa ya ce shi ma sai ya zube ƙasa, suka rasa wanda zai ɗaga wani.

Rigima mafi girma da na gani a gidan ta zo ne bayan wasu shekaru, da gwamnati ta sake canza hannu. Aka kafa kwamitin bincike, aka tuɓe mutumin nan da ya gaji kujerar Baba, aka tsare shi, aka kuma ba iyalinsa wa'adi su bar gidan. Baffa ne ya kawo labarin daga kasuwa, ya ce matar mutumin na ta yawo gidajen abokan mijinta, kowa na cewa ba ya nan. Ga yara, ga tsohuwar uwar mijin da idonta ya tafi. Hajiya ta ce, "Alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi." Maigidana ya ce Allah ya ƙara. Baba ya gama cin abinci, sannan ya ce a share ɗakuna biyun nan na baya da aka gama ginawa don haya, yana da baƙi.

Ban taɓa jin maigidana ya ɗaga murya a gaban mahaifinsa ba sai ranar. Ya ce, "Baba, mutumin da ya tozarta ka a idon duniya? Mutumin da ya sa muka kwashe kaya kamar ɓarayi? In dai suka shigo gidan nan, ni zan fita."

Baba ya ce, "Zauna. Shi ya ba ni kujerar?"

"A'a."

"To yaya wanda bai ba ni ba zai karɓe? Wanda ya ba ni Shi ya karɓi abinsa. Wancan sanda ce kawai aka ɗauka aka buge ni da ita, kuma ga shi an yar da sandar. Ni ban ce bai cuce ni ba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma yaran me suka yi? Tsohuwar me ta yi? Duk garin nan ba wanda ya fi mu sanin yadda ake ji in an ce ka fita ba ka san inda za ka ba."

Hajiya ta ce daga bakin ƙofa, "Alhaji, ni ba waliyyiya ba ce. Matar nan ko sati ban yi da fita ba ta sa aka tumɓuke lallen da na shuka. Kada ka sa ran tukunyata za ta dafa musu ko ruwan zafi."

Ya ce, "Ban tilasta miki ba, Hajiya. Ɗaki na ce a share."

Maigidana ya ɗauki 'yan kayansa ya koma gidan wani abokinsa a unguwar Doka. Ni na rasa inda zan sa kaina, ga miji ga suruki. Na ɗauki tsintsiya na share ɗakunan, tunda Baba ya ce a share.

Ranar da suka iso ana yayyafi. Matar ta tsaya a bakin zaure da ƙullin kaya a ka, ta kasa shigowa, ta kasa komawa. Yaran sun lafe a bayanta. Babbar 'yar na riƙe da hannun tsohuwar, ita kuwa tana lalube da sanda tana tambaya, "Ina ne nan? Gidan wa aka kawo ni?" Hajiya na kallo ta taga, fuska a murtuke. Can sai na ji ta yi tsaki, ta zari mayafinta ta fita cikin ruwan. Ta wuce matar ko kallonta ba ta yi ba, ta lulluɓe tsohuwar, ta kama hannunta ta ce, "Gidan ɗanki ne, Inna. Taka a hankali, akwai dakali." Kafin magariba na ga ta ƙara gari a tukunyar tuwo. Ta daɗe ba ta sakar wa matar fuska ba, amma ba a taɓa sauke tukunya ba a kai musu ba.

Maigidana ya yi kwanaki bai dawo ba. Ranar da ya zo ɗaukar wasu kayan, ya tarar da ƙaramin ɗan mutumin da namu ɗan suna cin abinci a kwano ɗaya, suna faɗa a kan ƙashi. Ya daɗe a tsaye yana kallonsu. Daga nan ya wuce zaure ya durƙusa a gaban Baba. Baba bai bar shi ya yi dogon bayani ba, ya ce, "Ai fushin nan don ni ka yi shi, na sani. Allah ya yi maka albarka. Shiga ka ci abinci."

Da aka saki mutumin, da ƙyar muka gane shi. Ya zo Badarawa da rigar da aka kama shi da ita, ya zube a gaban bencin Baba, ya ce, "Ranka ya daɗe," sai kuka ya ci ƙarfinsa. Baba ya kama shi ya zaunar da shi kusa da shi, ya ce, "Bar wannan ranka ya daɗen, ran kowa ba ya daɗewa. Barka da zuwa wannan ɓangaren. Watannin farko ne masu wuya, amma ka yarda da ni, nan ma akwai rayuwa." Sun zauna da mu har Allah ya hore masa ya kama haya a bayan layinmu. Daga baya kusan kullum tare ake ganinsu da Baba, su je masallaci tare su dawo tare, suna gardama a kan ko wane ne ya fi wani iya shayi. Shi da Baffa ne suka yi wa gawar Baba wanka.

A shekarar da Baba zai bar mu ƙafafunsa suka kumbura, fita ta gagare shi. A cikin wannan hali ne aka yi wa maigidana ƙarin girma zuwa muƙami babba. Kafin mu gama jin labarin, ƙofar gida ta cika da masu taya murna. Baba ya ce a kama shi a kai shi bakin taga. Ya riƙa leƙen fuskoki yana murmushi, yana cewa, "A'a, wannan ma yana nan da rai? Masha Allah, ƙafarsa ta warke." Da mutane suka watse maigidana ya shigo ya zauna a ƙasa, ya ce shi fa tsoro yake ji, yana tunanin ya nemi a ba wani.

Baba ya ce, "Ka karɓa. Aiki ne, dole wani ya yi shi, gara mai jin tsoro ya yi. Waɗancan kuma kada ka wulaƙanta su, kada kuma ka jingina da su, haka Allah ya yi ɗan Adam. Abu ɗaya zan roƙe ka. Duk wanda ya zo ya tsaya a gabanka, ka tuna kai ma akwai gaban da za ka je ka tsaya." Ya ɗora hannu a kansa ya daɗe yana addu'a. Sannan ya juyo ya ce, "Malama, ke ce mai jan kunne. In kin ji ya fara gyaran murya a bakin ƙofa, ki zo ki gaya mini. In ba na nan, ki gaya wa uwarsa."

Wasiyyarsa gajera ce. Ya ce a kai shi maƙabartar unguwa, kada a jira wani babba kafin a yi masa sallah, kada kuma a kafa allo ko a zuba siminti a kansa. Haka aka yi.

Bayan ruwa ya ɗauke, maigidana ya je ziyara wata Juma'a da safe. Ya dawo jiki a sanyaye, ya zauna a gaban mahaifiyarsa. Ya ce damina ta kwantar da ƙasa, ciyawa ta rufe wurin, an kuma ƙara sababbin kaburbura a gefe. Ya yi ta zagaye ya kasa tantance wanne ne na Baba, a ƙarshe sai ya tsaya a tsakiya ya yi wa dukansu addu'a. Yana faɗa kamar wanda ya yi wani babban sakaci.

Hajiya ta ajiye carbinta ta dube shi. Ta ce, "To mene ne abin damuwa? Ka je don mutum ɗaya, ka yi wa jama'a. Shi dama haka yake so. Kwantar da hankalinka, Wanda zai tashe shi ya san wurin."

Ya Mai mulkin da ba ya gushewa, ga bawanka nan ya zo maka ba kujera ba rakiya, sai zaton alheri da yake yi maka. Ka yafe masa na farkonsa, ka karɓi na ƙarshensa, ka yalwata masa makwanci tare da maƙwabtan da yake kwance a cikinsu. Mu kuma da muke riƙe da aron da bai ƙare ba, ka sa mu mayar da shi muna masu dariya.